Darasi na Bakwai: Ruwan Farko Ba Shi Ne Damina Ba

Kafin a buɗe littafi, malami ya tambayi aji: wa ya yi shuka sau biyu a gona ɗaya bara? Wanda ya ɗaga hannu ya faɗa wa 'yan'uwa abin da ya sami shukar farko.

Karatu

Ranar kasuwa a Soba, wani dattijo ya tare malamin gona a rumfar masu taki.

"Malam, barka da kasuwa. Ni fa abin ya ɗaure mini kai. Da can in ruwa ya sauka sai mu bi shi da iri, shi ke nan. Bana na shuka masara, ta tsiro gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke kwana 18. Duk ta ƙone. Na sake sayen iri."

"Allah ya mayar da alheri, Baba. Ruwa nawa aka yi kafin ka shuka?"

"Ɗaya. Amma fa mai ƙarfi ne."

"To Baba, nan gizo ke saƙar. Ruwan farko yanzu sallama ce kawai, ba shi ne damina ba."

Me ya canza?

Man fetur, gas da kwal da ake ƙonawa a motoci da masana'antu suna fitar da iskar kabon. Sare daji da ƙona shi ma haka. Wannan iska tana taruwa a sama ta zama kamar bargo, zafin rana ya shigo amma ya kasa fita duka. Daga lokacin da masana'antu suka yawaita zuwa yau, zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1, kuma tun da aka fara rubuta awon zafi ba a ga shekara mai zafin 2024 ba kafinta. Digiri ɗaya kamar ba kome ba ne, amma wanda ya taɓa jinyar yaro mai zazzaɓi ya san ba wasa ba ne.

Iska mai zafi tana saurin tsotse danshin ƙasa. Tana kuma riƙe ruwa da yawa, in ta tashi saki sai ta zubar da shi lokaci guda. Shi ya sa a damina ɗaya za ka ga fari a watan Yuni, ka ga ambaliya a Satumba. A 2012 da 2022 ruwa ya cinye gonaki a jihohi da dama na Najeriya. Hayaƙin da Afirka ke fitarwa kaɗan ne in an gwada da na Sin, Amurka da Turai, amma manominmu da ya dogara da ruwan sama shi ne ke fara ji a jikinsa. A 2015 ƙasashen duniya suka yi alkawari a Paris za su rage hayaƙin. Cika alkawarin na tafiyar hawainiya, gona kuwa ba ta jiran taro.

Daga Indiya zuwa tukunyarki

A watan Yuli na 2023 Indiya ta hana fitar da wani nau'in farar shinkafa zuwa waje, don tsoron kada daminarta ta gaza. Wajen kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake cinikinta tsakanin ƙasashe daga can take fitowa, saboda haka farashi ya tashi a kasuwar duniya. Alkamar da ake yi mana fulawa, burodi da taliya kusan duk daga waje ake kawo ta. In fari ya faɗa wa masu noma ta, mai shayi a Tudun Wada zai ji. Haka in masara ta ƙi a Saminaka, mai kiwon kaji a Ibadan ne zai yi kuka.

A nan sai a yi gaskiya. Ba duk tsadar abinci ce laifin yanayi ba. Cire tallafin fetur a 2023, faɗuwar naira, da rashin tsaron da ya raba mutane da gonakinsu a Birnin Gwari da Giwa, duk suna ciki. Waɗannan ba a hannun manomi suke ba. Ranar shuka da irin da za a shuka kuwa a hannunsa suke.

Aikin gona

Kada ka juye irinka duka a ruwan farko. Jira a yi ruwa mai kyau biyu ko uku a jere, sannan ka tona ƙasa da hannu. In danshi ya kai tsawon tafin hannunka, ka shuka. In ƙasan a bushe take, ka yi haƙuri ko da maƙwabci ya riga ka. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa. Ka saurara a rediyo ko ka tambayi malamin gona. Hasashe ne, sanin gaibu sai Allah, amma ya fi shuka da ka.

Sai batun iri, kuma a nan ne iya lissafi ke biyan mai shi. Akwai masara mai kwana 120, akwai mai kwana 90. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar da ire-iren masara masu suna SAMMAZ, wasunsu masu saurin nuna, wasu masu jure fari da wuta-wuta. Wanda ya shuka mai kwana 90 ranar 10 ga Yuni, zuwa 8 ga Satumba ta nuna. Mai kwana 120 sai 8 ga Oktoba. A arewacin jihar Kaduna, in ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba, ta biyun ba za ta cika ido ba. A kudu, wajen Kachia da Kafanchan, damina ta fi tsawo, don haka lissafinsu daban ne. Karanta abin da ke jikin ledar iri kafin ka biya. Ga amfanin zuwa aji.

Ka gwada irin tun bazara, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙirga ƙwaya 20, naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan mako ɗaya ka ƙirga waɗanda suka tsiro. In ba su kai 16 ba, nemi wani iri.

Masara ta fi tsoron ƙishi lokacin da take fitar da gemu za ta yi goyo. Dawa da gero sun fi ta haƙuri. Iyayenmu da suke haɗa dawa, gero da wake a gona ɗaya ba rashin wayewa ba ne ya sa su, sun san in ɗaya ya ƙi ɗaya zai yi. Masu citta a kudancin Kaduna sun ɗanɗana haɗarin dogaro da abu ɗaya a 2023, da cuta ta ruɓar da ita a gonaki.

Taki ya yi tsada, kada ka watsa shi a sama rana ta sha rabi, ruwa ya tafi da sauran. Tona rami kusa da gindin shuka ka binne. A gonar tudu, datse kwarin kunya da ƙasa duk bayan taku biyu ko uku don ruwa ya tsaya ya nutse. Kada ka ƙona karmami da kara, ka bar su su rufe ƙasa. Gawo kuma ba a sare shi, yana kakkaɓe ganyensa da damina ya zama taki, ba ya hana shuka rana.

Tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta bayyana a Najeriya a 2016, kuma ta fi ɓarna in ruwa ya yi tsaiko. Leƙa zuciyar masara da sassafe sau biyu a mako.

Aikin gida

Sayi littafin rubutu mai rahusa. Ja layi uku a tsaye, shafi ya rabu gida huɗu. Rubuta a sama: Rana, Ruwa, Aiki, Abin da na gani. Duk ranar da aka yi ruwa ka rubuta kwanan wata, ka sa yayyafi ne ko mai yawa. Mata masu lambun bayan gida da masu gonar gyaɗa su ma su yi. In ka riƙe wannan damina uku, za ka san halin gonarka da alƙalami.

Lissafi: ka shuka wake mai kwana 70 ranar 1 ga Agusta. Wace rana zai nuna? Rubuta amsar a shafin farko, ka zo da littafin mako mai zuwa.