Yadda Ake Amfani da Sihirin Kariya a Faɗan Dungeons & Dragons

Masu koyon wannan wasa na kwaikwayon jarumai da ake yi a kan tebur a Zariya, musamman ɗaliban da ke haɗuwa a Samaru bayan lacca, sukan zuba dukan guraben sihirinsu (ƙidayayyun damar yin sihiri da ɗan wasa yake da su) wajen kai hari, sai a kayar da bokan da suke wasa da shi tun zagaye na biyu. Wasan ya fito ne a Amurka a 1974, kuma abin da zan faɗa ya dogara da dokokin bugu na biyar na 2014. (Sihirin nan na takarda da fensir ne, kada wani ya ɗaga hankalinsa.)

Boka a mataki na farko gurabe 2 kawai yake da su, makin ransa (yawan raunin da zai iya jurewa kafin ya faɗi) kuma da wuya ya wuce 8, alhali gatarin dodon da ake kira Orc yakan cire kimanin 9 a sara guda. Saboda haka, kafin ku shiga kogo, ka fara sanya sihirin kariya na Mage Armor, wanda yake ɗaukar awa 8 ba tare da ya nemi ka tattara hankali a kansa ba. Idan zafin namanka ƙarin 2 ne, makin kariyarka, wato adadin da sai jimillar hari ta kai shi kafin a same ka, zai tashi daga 12 zuwa 15.

Gurbi na biyu ka ajiye shi domin Shield, kuma a ganina babu sihirin mataki na farko da ya kai shi amfani. Ana yin sa ne bayan an same ka, ba ya cin lokacin naka harin, yana kuma ƙara wa kariyarka maki 5, har da a kan harin da ya same ka, zuwa farkon zagayenka na gaba. Dodon da ke da ƙarin 5 yana buƙatar ɗan ludonsa mai fuska 20 ya nuna 10 kafin ya same ka, amma da Shield sai ya nuna 15, wato damarsa ta faɗo daga kashi 55 cikin ɗari zuwa 30. Ka roƙi mai jagorantar wasa ya riƙa faɗin jimillar harin a fili, domin idan ta kai 20 ko ta wuce, ɓarnar gurbi ce kawai. Hari kuwa ka yi shi da ƙananan sihirai irin su Fire Bolt, waɗanda ba sa cin gurbi.

Mai warkarwa kuma ya sani cewa Cure Wounds yana cinye masa zagaye guda domin mayar da abin da sara ɗaya zai sake kwashewa. Gara ya sanya wa jarumin da ke gaba Shield of Faith, mai ƙara maki 2, sannan ya ja baya, domin wannan sihirin yana neman tattara hankali, kuma duk lokacin da aka ji wa mai warkarwar rauni sai ya jefa ɗan ludo don riƙe hankalinsa, in ya faɗi kariyar ta warware.