Tsara hutu kafin jiki ya gaza

A Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Mai tuƙa babur ko mai shago ya ware wa hutu lokacinsa, kada ya bari sai jiri ya ɗebe shi.

Bayan sallar Azahar a kishingiɗa a inuwa na minti 20, a saita ƙararrawar waya a ajiye ta, don latse-latse a kwance ba hutu ba ne. In aka zarce minti 30 barci ya yi nisa, sai a tashi da nauyin kai, da dare kuma ido ya ƙi rufuwa.

Shayi da goro a dakatar da su daga La'asar, domin abin da ke hana barci a cikinsu kan ɗauki kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jini. Da dare babba na buƙatar awa 7 zuwa 9.