Yadda Ake Yi Wa Kai Hisabi Domin Gyaran Hali

Mutane da yawa a Birnin Kebbi, Argungu da Jega sukan tashi daga wa'azin Juma'a da niyyar gyara halinsu, amma kafin mako ya zagayo niyyar ta bi iska, domin ba su taɓa zama sun faɗa wa kansu takamaiman abin da ya lalace ba. A aya ta 18 ta Suratul Hashri, Allah ya umarci kowace rai ta duba abin da ta gabatar domin gobe, kuma Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana yadda wannan dubawa take farawa da sharaɗi da safe, ta bi ta lura da rana, ta kai ga hisabi da dare.

Ka fara da ware hali guda ɗaya tak. Wanda ya ce zai bar fushi da giba da ƙarya da lalaci a rana ɗaya, ba zai bar ko ɗaya ba. Bayan sallar Asuba, kafin ka taɓa waya, ka gindaya wa zuciyarka sharaɗi da kalmomin da ba su da kwana, kamar ka ce yau ba za ka ɗaga wa uwar gida murya a gaban yara ba.

Daga nan sai lura, kuma a ganina nan ne aikin ya fi wuya. Fushi da sha'awa ba sa sauka haka kawai, jiki yakan riga ya ba da sanarwa: ƙirji ya yi zafi, haƙora su cije, numfashi ya gajarta, ko hannu ya nufi aljihu. Da zarar ka ji ɗaya daga cikin waɗannan, ka dakata, ka ja numfashi a hankali sau uku, ka nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, sannan ka ambaci abin da kake ji a zuciyarka ba tare da ka yi masa ado ba. Manzon Allah (SAW) ya koyar da cewa mai fushi idan yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Salloli biyar kuma sun riga sun raba maka yini, don haka bayan kowace sallama ka tambayi kanka ko sharaɗin safe yana nan.

Da dare, bayan Isha'i, ka keɓe minti goma da littafin rubutu, da boko ko da ajami. Ka yi kamar mai shago a kasuwar Jega da ba ya rufe ƙofa sai ya san abin da ya shigo, da abin da ya fita, da wanda ya ɗauki bashi. Kada ka rubuta cewa yau ka yi laifi kawai. Ka rubuta abin da ka yi, da lokacin, da wanda kake tare da shi, da abin da ya faru kafin nan. Ka rubuta alherin da ka yi ma, ka gode wa Allah a kansa, domin hisabin da zargi kaɗai ke cikinsa yana kai mutum ga ɗebe ƙauna. Bayan mako biyu ka karanta shafukan a jere, za ka ga laifin yana da lokacinsa da wurinsa, wataƙila wata majalisa ce bayan Magariba, ko yunwa, ko rashin barci. Wannan sababin shi za ka sauya.

Abin da ka gano sai ka bi shi da tuba bisa sharuɗɗan da malamai suka faɗa, wato barin laifin, da nadama, da ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙi idan na wani ne. Idan ka ci kuɗin abokin noman shinkafa, istigfari ba ya ɗauke maka biyansa, sai ka taka ka same shi.

Wanda matsalarsa ta shaye-shaye ce, kamar tiramol ko maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta haramta a 2018, ya haɗa hisabi da ganin likita, domin barin ƙwaya farat ɗaya yakan zo da zufa, ciwon jiki, gudawa da rashin barci, waɗanda ke mayar da mutane ruwa. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi wuri ne da za a fara tambaya. Ya kuma nemi mutum ɗaya mai riƙon amana, malami ko yayansa, da zai riƙa faɗa masa gaskiyar makonsa. Ranar da ya zame, ya rubuta abin da ya jawo zamewar a daren nan, ya sanar da amintaccen nasa, ya sabunta sharaɗinsa da asuba.