Yadda ake gasa kabewa da shinkafa da nama a cikinta, da kek ɗin cakulan mai lemo

A yawancin gidajenmu aikin kabewa bai wuce tukunyar miyar taushe ba, inda ake fere ta a dafa har ta narke, a haɗa da gyaɗa da alayyafo, a ci da tuwon shinkafa ko masa. A wasu ƙasashen kuwa barinta ake yi ɗungurungum, a ƙwaƙule cikinta a mayar da ita tukunya. Mutanen Armeniya suna da wani girki da suke kira ghapama, wanda suke cika kabewa da shinkafa da zabibi da wasu busassun 'ya'yan itatuwa da zuma, su gasa a lokacin bikin sabuwar shekara, a Ajantina kuma akan zuba farfesun naman sa da masara da dankali a cikinta a kai gaban baƙi. Wanda za a bayyana a nan na shinkafa da niƙaƙƙen nama ne, domin shi ya fi dacewa da abincin dare.

Aikin yana farawa ne tun daga kasuwa. Manyan kabewoyin nan da ake yankawa ana sayarwa gutsure-gutsure ba su dace ba, saboda ba za su shiga obin ba, kuma ruwansu ya yi yawa. A nemi matsakaiciya mai nauyin kilo 2 zuwa 2 da rabi, mai taurin bawo, wadda babu inda ta yi laushi, kuma a ajiye ta a ƙasa a gani ko za ta zauna daram ba tare da ta karkata ba. Bayan an wanke ta, sai a yanke samanta a zagaye kamar faɗin tafin hannu, a riƙa karkata wuƙar zuwa ciki domin murfin ya samu wurin zama kada ya faɗa. A sa cokali a kwashe 'ya'yan da zare-zaren ciki tas, a shafe cikin da gishiri da mai cokali biyu, sannan a kife ta a faranti a gasa ta haka nan babu komai a ciki na minti 25 a zafin digiri 180. Wannan gashin farko shi ne yake fitar da ruwan da zai iya jiƙa shinkafar ya mayar da ita fate.

Babban abin da uwargida za ta riƙe shi ne, duk abin da zai shiga cikin kabewar sai ya kusa nuna tun a waje. Jikin kabewa yana da kauri, kuma zafi yana daɗewa kafin ya ratsa shi ya kai tsakiya, don haka ɗanyen nama ko ɗanyar shinkafa ba za su nuna ba kafin bawon ya ƙone. Karon farko da na gwada, ɗanyar shinkafa na zuba bisa tunanin ruwan kabewar zai dafa ta, sai ga gefe ya caɓe, tsakiya kuwa tana ƙaras-ƙaras a haƙori, dole na juye komai a tukunya alhali mutane suna zaune suna jira.

Saboda haka a tafasa shinkafa kofi ɗaya na minti 8 zuwa 10, a tace ta tun da sauran ƙarfinta. A soya albasa manya biyu har su yi ja, a zuba niƙaƙƙen nama giram 350, a yi ta juyawa ana farfasa shi har ruwansa ya tsotse ya fara ƙamshin suya. Daga nan a sa jajjagen tattasai biyu da attaruhu ɗaya da tafarnuwa da citta, da ɗan masoro da kirfa da gishiri. A nan ya kamata a ɗan ƙara hannu wajen gishiri da yaji fiye da yadda aka saba, domin kabewa tana da zaƙi kuma za ta janye rabin ɗanɗanon. A juye shinkafar a kai, a watsa zabibi cikin hannu ɗaya da soyayyar gyaɗa idan ana so, a gauraya. A ɗura haɗin a cikin kabewar ba tare da an danna shi ba, a bar sarari kamar yatsa biyu a sama saboda shinkafar za ta ƙara kumbura, a zuba romon nama rabin kofi, a mayar da murfin.

Gashi na biyu yakan ɗauki awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi a digiri 180, gwargwadon kaurin kabewar, kuma da wuƙa ake gane ta nuna: idan tsininta ya shige gefen kabewar ba tare da an tura da ƙarfi ba, to ta yi. Idan ta nuna a bar ta ta huce na minti 15, domin da zafinta takan dare a hannu. A kai ta a farantin da aka gasa ta, a yanka daga sama zuwa ƙasa kamar yadda ake yanka kankana, kowa ya samu yanki da shinkafarsa a kai.

Shi kuwa kek, ya fi kyau a gasa shi tun da rana kafin a ɗora kabewar, domin yana bukatar ya huce sarai. Ana bukatar fulawa giram 200, sukari giram 200, ƙwai 3, man gyaɗa marar wari rabin kofi, bakin hoda ƙaramin cokali biyu, lemon zaƙi guda biyu, da hodar koko giram 40, wato wadda ake yin cakulan da ita, marar sukari. Milo da Bournvita ba za su maye gurbinta ba, domin an riga an haɗa su da sukari da madara, kek ɗin zai fito fari-fari ba ɗanɗanon cakulan.

Ƙamshin lemo a bawonsa yake, ruwan kuwa ɗan tsami da danshi kawai yake kawowa. A wanke lemon sosai, a goge fatar sama kaɗai da ƙananan ramukan abin goga kuɓewa, a tsaya da zarar farin ya bayyana, domin ɗaci ne da shi. Koren bawo ba matsala ba ne, lemon ƙasashe masu zafi yakan nuna bai sauya launi ba. A murza gogaggen bawon cikin sukarin da yatsu har sukarin ya yi danshi ya ɗauki ƙamshi, sannan a fasa ƙwai a buga, a zuba mai da ruwan lemo rabin kofi. A tankaɗe fulawa da koko da bakin hoda a kai, a juya a hankali, a daina da zarar garin ya ɓace, saboda yawan bugu bayan fulawa ta shiga yana sa kek tauri. A zuba a gwangwanin da aka shafa wa mai, a gasa a digiri 175 na minti 35 zuwa 40, har tsinke ya fito babu ƙulli a jikinsa.

Wadda ba ta da obin za ta iya gasa kek ɗin a babbar tukunya da aka zuba wa yashi a gindi, a wuta kaɗan, da garwashi a bisa murfi, amma kada ta buɗe kafin minti 25 su cika. Idan ya fito, a tafasa sauran ruwan lemon da sukari cokali biyu na minti uku, a sossoke saman kek ɗin da tsinke, a zuba a hankali tun yana da ɗumi domin ya sha.