Idan laftof ta ƙi hawa Wi-Fi ɗin gida

Jama'a, kafin ku kwashi laftof zuwa wajen mai gyara, ku fara gwadawa da waya. In ita ma ta ƙi hawa, matsalar galibi daga rauta take, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi ɗin: a zare mata wuta na daƙiƙa 30, a mayar.

In waya ta hau lafiya, a duba ko alamar jirgin sama na kunne a laftof ɗin, yara kan danna ta garin wasa. In tana kunne, a kashe ta. Sai a goge sunan Wi-Fi ɗin, a sake shigar da kalmar sirri.

Wanda ya fi wahalar da mutane shi ne sunan ya ƙi fitowa gaba ɗaya. Rauta kan watsa Wi-Fi ta zango biyu, 2.4GHz da 5GHz, amma tsofaffin laftof da yawa 2.4GHz kaɗai suke kamawa, ba ruwansu da 5GHz. A shiga saitin rauta a kunna 2.4 ɗin, adireshin shiga galibi yana jikin takardar da aka manna a ƙasanta.