Darasi na Tara: Yadda Ake Zaɓen Ƙwan Fitilar LED Mai Ƙarko a Farashi Mai Sauƙi

A yawancin gidajenmu yanzu an bar tsohon ƙwan fitila mai siririyar waya a ciki, wanda yake ɗaukar zafi har hannu ba ya iya taɓa shi, an koma ga wanda ake kira LED. Dalilin komawar a fili yake, domin sabon ƙwan yana ba da haske daidai da na tsohon alhali wutar da yake ci ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da tsohon yake ci ba. Sai dai kasuwa ta cika da iri daban-daban, kwalayensu duk masu ƙyalli, kuma mutumin da bai san abin da zai duba ba yakan zaɓi wanda ya fi girma ko wanda ya fi araha, bayan mako uku ya sake komawa shago da kuɗinsa. A wannan darasi ɗalibi zai koyi karanta alamomin da ke jikin kwalin ƙwan fitila, zai yi lissafin abin da ƙwan yake ci a wata, kuma zai san abin da ya kamata ya nema daga mai shago kafin ya miƙa kuɗi.

Abin da aka rubuta a jikin kwali

Alamar da kowa ya fi sani ita ce harafin W, wanda yake biye da lamba, kamar 9W ko 15W. Ana karanta shi wat. Mutane da yawa sukan shiga shago su ce a ba su mai wat ashirin saboda suna son ɗaki ya yi haske sosai, kuma a nan kuskuren farko yake. Wat ma'aunin wutar da ƙwan yake ci ne, kamar yadda mudu yake auna hatsin da aka zuba a tukunya. Ma'aunin haske shi ne lumen, ana rubuta shi da ƙananan haruffa biyu, lm, kuma galibi a gefen kwali ko a bayansa ake samunsa da ƙananan rubutu. Tsohon ƙwan mai wat 60 yana ba da lumen wajen 800, kuma ƙwan LED mai kyau yana ba da wannan adadin da wat 8 zuwa 10 kawai. Tsohon mai wat 100 yana ba da wajen lumen 1,500, wanda LED mai wat 13 zuwa 15 zai iya bayarwa. Domin ɗakin kwana na matsakaicin girma lumen 800 ya wadatar, zaure ko falo mai faɗi ya fi son 1,500 ko ƙwayaye biyu a kusurwa daban-daban, banɗaki da lungu kuwa lumen 450 ya ishe su, babu amfanin sayen babba.

Waɗannan lambobi biyu, idan aka haɗa su, suna tona asirin kwalin da ya yi ƙarya. Ƙwan LED na gida mai kyau yakan ba da lumen 80 zuwa 110 ko ɗan fiye a kan kowane wat ɗaya. Saboda haka idan ɗalibi ya ga an rubuta 9W tare da 810lm, maganar ta yi daidai, domin tara sau casa'in ɗari takwas da goma ne. Idan kuwa ya ga 9W tare da 2,500lm a kan ƙwan da ake sayarwa da araha, to ya mayar da shi inda ya ɗauko. Akwai kuma kwalin da zai rubuta 30W da manyan lambobi masu launi, amma a duba ko'ina ba za a ga lumen ba. Kamfanin da ya yarda da kayansa ba ya ɓoye yawan hasken da suke bayarwa.

Alama ta uku harafin K ce, kuma tana nuna launin hasken. Mai 2700K ko 3000K haskensa ya ɗan yi ruwan ɗorawa kamar na tsohon ƙwan, yana da taushi a ido. Mai 6500K fari ne fat kamar hasken rana tsaka, shi ne ya fi yawa a kasuwanninmu, kuma tela da mai karatun dare da mai tsintar shinkafa sun fi jin daɗinsa. Wannan zaɓi ne na ra'ayi, bai shafi inganci ba.

Alama ta huɗu, harafin V, wato bolt, ma'aunin ƙarfin wuta, ita ce ta fi shafar gidajenmu, kuma ita aka fi mantawa da ita. Ƙarfin wutar da aka ƙayyade wa gidaje a Nijeriya bolt 230 ne, amma duk wanda yake zaune a unguwa mai cunkoso ya san yadda wuta take zuwa da rauni da magariba har fanka ta riƙa juyawa kamar ba ta so, wani lokaci kuma ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima. Ƙwan da aka rubuta masa 220–240V an yi shi ne domin wutar da take tsaye wuri ɗaya. Wanda aka rubuta masa 170–265V ko 85–265V yana iya jure hawa da saukar wuta, kuma ko da ya ɗan fi tsada, shi ne ya dace da gidan da wutarsa ba ta da tabbas ko gidan da yake amfani da ƙaramin janareta. Mai amfani da sola kai tsaye daga batir zai nemi wanda aka rubuta masa DC 12V, kuma ya kiyaye ƙwarai kada wani a gidan ya ɗaura irin wannan a kan wutar NEPA, domin nan take zai ƙone.

Kafin a bar gida a leƙa holdar da za a ɗaura ƙwan a kai. Akwai mai fin, wadda ake tura ƙwan a ɗan murɗa kunnuwansa biyu su maƙale, alamarta a kwali B22. Akwai kuma wadda ake murɗa ƙwan a cikinta kamar murfin gora, alamarta E27.

Lissafin wata guda

Kamfanin wuta yana sayar da wuta ne da yunit, kuma yunit ɗaya shi ne wat 1,000 da aka yi amfani da shi na awa ɗaya. A ce ana kunna tsohon ƙwan mai wat 60 awa shida kullum. Sittin sau shida 360 ne, sau kwana talatin ya zama 10,800, idan aka raba da dubu an sami yunit 10.8 a wata. Ƙwan LED mai wat 9 a wannan lokacin zai ci yunit 1.62 kacal. A watan Afrilu na 2024 an ƙara wa masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa ashirin a rana, kuɗin yunit zuwa naira 225. A kan wannan farashi tsohon ƙwan zai ci naira 2,430 a wata, LED kuma wajen naira 365, bambancin ya haura naira dubu biyu a kan ƙwai ɗaya, kuma gidan da yake da ƙwayaye biyar ya tsira da fiye da naira dubu goma. Ɗalibi ya duba rasit ɗin katin mitarsa ya ga nawa ake sayar masa da yunit, ya maye gurbin 225 da nasa farashin. Wanda ba shi da mita ana kawo masa takardar kuɗi ta ƙiyasi ba zai ga wannan ragi a takarda ba, amma zai gan shi a batirin solarsa da zai kai shi asuba, ko a janaretansa da zai iya ɗaukar fanka da talabijin tare da fitilu.

Lissafi na biyu ya fi wannan sauƙi, kuma shi ne yake bayyana abin da Hausawa suke nufi da araha ba ta ado. A ce, domin misali kawai, ƙwai ɗaya naira 700 ne amma wata uku yake yi ya mutu, ɗayan kuma naira 2,000 ne yana kai shekara biyu. A cikin shekara biyu za a sayi na farkon sau takwas, wato naira 5,600, ban da kuɗin mota zuwa kasuwa da dararen da yara suka yi aikin makaranta da tocilan waya. Kwalaye da yawa suna rubuta cewa ƙwan zai yi awa 15,000 ko 25,000. Awa 15,000 a kan awa shida kullum ya kusa shekara bakwai, kuma ni dai a zafin Kano da irin wutarmu ban ɗauki wannan lamba a matsayin alkawari ba. Ƙwan da ya yi mini shekara biyu cur ya biya kuɗinsa.

A gaban mai shago

Na taɓa sayen ƙwayaye uku a hannun mai yawo da kaya a baro, manya-manya, kowanne an rubuta masa 30W, a kuɗin da bai kai na ƙwai ɗaya a shago ba. Da na ɗaga ɗaya sai na ji shi shakwaf kamar ɓawon gyaɗa, amma araha ta rufe mini ido. Na farko ya fara ƙyafta ido a mako na biyu, na biyu ya dushe har sai an kusanto shi ake gane yana kunne, na uku kuwa gindinsa ya yi baƙi yana warin roba. Mai baro kuma ban sake ganinsa ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, ƙananan fitilun da ke cikin ƙwan LED ba kasafai suke fara mutuwa ba. Akwai ɗan allon na'ura a gindinsa mai daidaita musu wuta, kuma zafi ne babban maƙiyinsa. Ƙwai mai kyau ana sa masa kwanon alminiyam a cikin gindi domin ya janye zafin, shi ya sa yakan ɗan yi nauyi a hannu. Na jabu roba ce zalla. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a so a kulle ƙwan LED a cikin murfin gilashi da iska ba ta shiga, ko a rataye shi dab da kwanon rufi mai ɗaukar rana.

Shagon kayan wuta na ƙwarai, irin waɗanda suke jere a France Road da cikin kasuwar Sabon Gari a Kano, ko a babbar kasuwar kowane gari, yakan ajiye wani katako mai holda biyu ko uku a kan kanta domin gwaji. Kada ɗalibi ya ji nauyin cewa, “Alhaji, don Allah a gwada mini shi in gani.” Idan an kunna, ya bari ya yi minti ɗaya ko biyu, ya saurara ko yana ƙara, sannan ya buɗe kyamarar wayarsa ya nuna ta ga ƙwan. Idan ya ga layuka masu duhu suna gudu a fuskar wayar, hasken yana rawa ne da saurin da ido ba ya kamawa, kuma irin wannan yana gajiyar da ido wurin karatu da ɗinki. Ya roƙa a kunna masa iri biyu gefe da gefe, domin sau da yawa mai 9W na kamfanin kirki yakan danne mai 18W na jabu.

Daga nan sai maganar garanti. Masu shago da yawa sukan ɗauki maka su rubuta kwanan wata a gindin ƙwan, su ce idan ya mutu kafin wata shida ko shekara a dawo da shi a canza. Ɗalibi ya tambaya a fili wata nawa ne, ya tabbatar an rubuta ranar a gabansa, ya karanta ta da kansa, ya karɓi rasit, ya kuma adana kwalin. Idan mai shago ya ce, “Malam, wannan ba mu ba da garanti a kansa, ga dai wancan,” to ya riga ya faɗi wanne ne mai kyau, kuma ya cancanci godiya. Sunan sanannen kamfani kamar Philips ko Osram a jikin kwali ba hujja ba ce ita kaɗai, haka ma tambarin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON, domin mai yin jabu yana iya buga kowane suna da kowane tambari. A duba ko rubutun ya fita tsaf, ko abin da ke jikin ƙwan ya yi daidai da abin da ke jikin kwali, kuma idan farashin ya faɗi ƙasa da rabin abin da sauran shaguna suke faɗa, a yi shakka.

Ragi na gaskiya a wurin sari ake samunsa. Yawancin waɗannan kaya daga ƙasar Sin ake shigo da su, da dama ta kasuwar Alaba da ke Legas, kuma kowane hannu da suka bi sai ya ɗora ribarsa, don haka kuɗin dozin a hannun babban dila ya fi na ɗai-ɗai a shagon unguwa sauƙi. Maƙwabta uku ko huɗu, ko 'yan aji ɗaya, suna iya haɗa kuɗi su sayi dozin su raba. Amma kada a fara da dozin. A sayi guda ɗaya tukuna, a ɗaura shi a inda aka fi kunna fitila, a ba shi wata guda ya ɗanɗani wutar unguwar, idan ya tsaya sai a koma wa wannan shagon da wannan irin. A zaga shago uku a ji farashi kafin a yi tayi, kuma a ambaci yawan da za a saya tun farko, domin shi ne yake sa ɗan kasuwa ya sassauta.

Akwai kuma ƙwai mai caji, wanda yake ci gaba da haske na 'yan awoyi bayan an ɗauke wuta. Yana da amfani a tsakar gida da madafa, amma ya fi tsada, kuma ƙaramin batirin da ke cikinsa yakan gaji tun fitilar tana da sauran rai, saboda haka ɗaya ko biyu sun isa gida, sauran ɗakuna a sa musu na yau da kullum. Kowane iri za a ɗaura, a kashe makunni tukuna kuma a tabbatar hannu a bushe yake.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya zo aji na gaba da kwalin ƙwan fitila ɗaya, sabo ko tsoho, ya kwafe a littafinsa lambobin da suke gaban W da lm da K da V, ya rubuta ko B22 ne ko E27. Bayan haka ya raba lumen da wat ya ga nawa ya samu a kan kowane wat, sannan ya ƙirga ƙwayayen gidansa da awoyin da ake kunna kowanne, ya fitar da yunit ɗin da suke ci a kwana talatin. Wanda ya tarar kwalinsa ba shi da lumen ya kawo shi duk da haka, za mu kunna shi a aji kusa da mai lumen 800 mu kwatanta haskensu.