Babi na Shida: Yadda Ake Ƙirga Tsuntsaye a Rubuta

Darasi na 1: Kafin a fara kallo

Ku ɗauki littafin rubutu da fensir. Fensir na ce, domin tawadar biro tana wankewa idan ruwa ya taɓa takarda, kun kuwa san ruwan Legas.

Ku buɗe sabon shafi. A layin farko, can sama, ku rubuta kwanan wata: rana, wata, shekara. A layi na biyu ku rubuta sunan wurin da kuke tsaye. Kada ku rubuta "daji" kawai. Ku rubuta Lekki, ko Agege, ko Epe.

Inda za mu gwada aikin shi ne dajin da ake kiyayewa a Lekki, wanda gidauniyar kare dazuzzuka da namun daji ta Najeriya, wato NCF, ta buɗe a 1990. Faɗinsa hekta 78, akwai fadama da manyan itatuwa, kuma gine-gine sun kewaye shi. Masu kula da irin wannan wuri ba su sanin tsuntsu yana raguwa sai an ƙirga shi bana, an sake ƙirgawa baɗi, an gwada lambobin biyu.

Darasi na 2: Ƙirga

A nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Ba abin kunya ba ne.

Ka tsaya wuri ɗaya, ka yi shiru minti 10. Da ka ga tsuntsu, rubuta sunansa a hagu: cilakowa, balbela, zalɓe, shirwa. Idan ba ka san sunan ba, rubuta launinsa da girmansa. Sai ka ja sanda ɗaya a gaban sunan. Tsuntsu ɗaya, sanda ɗaya. Wani ya zo, ƙara sanda. Idan sanduna sun kai 4, ta biyar ka gitta ta a kansu. Da lokaci ya cika, ka haɗa sandunan ka rubuta lamba a dama.

Lamba za ka rubuta. Kada ka rubuta "da yawa". Da yawan Baba Alhaji daban, da yawan Inna daban, amma 7 a wurin kowa 7 ce. Idan ka ga 3, rubuta 3. Idan ka ga 12, rubuta 12. Garke ya tashi ba ka gama ƙirga ba? Rubuta lambar da ka kai, ka sa "kimanin" a gabanta. Duk da haka lamba ce.

Idan ba ka ga ko ɗaya ba, rubuta 0. Kada ka bar wurin fili. Dattawan da suka daɗe a Agege suna ba da labarin ungulu a kan rufin mahauta. A 2015 aka sa ungulu cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, saboda guba da kuma masu kashe ta don haɗa magani. Wanda ya tsaya a mahauta yau ya rubuta "ungulu 0" ya yi aiki babba.

Na sake faɗa: sanda, sanda, sanda, sannan lamba. Har yanzu ina karɓar littattafai ina ganin "da yawa" a ciki, bayan duk wannan bayani. Haba jama'a! Mutumin da yake ƙirga buhun albasa a kasuwar Mile 12 bai taɓa ce wa ubangidansa "da yawa" ba. Wanda ya sake kawo mini haka zai koma ya sake shafin. Hannunku ya iya, na gani da idona, gaggawa ce kawai.

Darasi na 3: Aku

Aku mai toka-toka da jan wutsiya tsuntsun kurmi ne, a kogon tsohon itace yake ƙwai. A 2016 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran daji, suka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Kada ku saya. Na cikin keji ba ya shiga ƙirgarmu.

Darasi na 4: Kogo

Masu itace da gawayi, ku ɗaga kai kafin ku sa gatari. Itace mai kogo a bar shi.

Aikin gida: ku ƙirga tsuntsayen unguwarku da safe, minti 10, ku kawo shafin da lamba a dama.